Yadda Ƙudan Ayaba Ke Gani Da Tantance Abinci Da Furotin G

Kyamarar waya tana da sensa mai karɓar haske ya mayar da shi lantarki, idan kuma hasken ya yi ƙaranci sai wayar ta ƙara masa ƙarfi. Ƙaramin ƙudan nan mai jajayen idanu da ke yawo kan ruɓaɓɓiyar ayaba, wanda masana ke kira Drosophila, shi ma haka yake yi. Sai dai a wurinsa wani sinadarin jiki mai suna furotin G ne ke ƙara ƙarfin.

Furotin G tamkar makunni ne a cikin ƙwayar halitta. Yana kashe muddin yana riƙe da sinadarin GDP, da zarar ya musanya shi da GTP sai ya kunnu. Gano shi ne ya sa Alfred Gilman da Martin Rodbell suka ci kyautar Nobel a 1994.

Kowane idon ƙudan yana da ƙananan idanu kusan 800, kowanne da ƙwayoyin gani takwas. Idan haske ya bugi sinadarin rodofsin da ke cikinsu, sai ya sauya siffa ya kunna furotin G nau'in Gq. Shi kuma ya tayar da wani sinadari, PLC, wanda ke sare wani kitse a jikin bangon ƙwayar. Nan take ƙofofin da ake kira TRP su buɗe, sodiyom da kalsiyom su kwararo ciki, saƙon lantarki ya nufi ƙwaƙwalwa. Rodofsin ɗaya kan kunna furotin G da dama, don haka ɗigon haske guda tak ya isa a samu amsa. Duk wannan cikin kimanin milisakan 20, kuma ba a san wani tsarin furotin G da ya fi shi sauri ba. A idon mutum akasin haka ne, haske rufe ƙofofin yake yi.

An fara bin sawun ƙofofin ne a 1969, lokacin da aka samu wani ƙuda da ke makancewa idan haske mai ƙarfi ya daɗe a kansa. A 1989 Craig Montell da Gerald Rubin suka gano ƙwayar gadon da ta samu matsala. Dangin waɗannan ƙofofi ne ke sa harshen mutum jin zafin barkono.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne bakin ƙudan. A 2020 ɗakin binciken Montell a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya nuna cewa akwai rodofsin a jijiyoyin ɗanɗano, kuma aikinsa a can bai shafi haske ba. Yana gano wata guba mai ɗaci ta tsirrai, asid ɗin aristolokik, ko da 'yar kaɗan ce a abinci. Hanyar ita ce dai ta ido: rodofsin, Gq, PLC, sai ƙofar TRPA1. Ƙudajen da aka cire musu waɗannan rodofsin sun daina gujewa gubar idan kaɗan ce, amma in ta yi yawa suna ganewa, domin a lokacin ba a buƙatar ƙarin ƙarfi.

Yunwa ma ta wannan hanya take aika saƙo. Idan ƙuda ya kwana bai ci ba, sinadarin sNPF yana ƙara wa jijiyoyin sansanarsa kaifi, dofamin kuma ya ƙara masa jin zaƙi, dukansu ta masu karɓar saƙo da ke aiki da furotin G. Shi ya sa ruwan sukari tsararo da ƙoshasshen ƙuda zai wuce, mayunwaci ke miƙa masa baki.