DARASIN WATAN NUWAMBA: ZA MU YI MURNA A SAMA IDAN NAMU SUNA WUTA?

Watan Nuwamba ya sake zagayowa. A ƙauyukan Malikanchi da kewayen Ikara, Maƙarfi da Kudan, masara ta shiga rumbu, dawa tana jiran yanka, masu rake sun fara kai kaya kasuwa. Wannan wata ne kuma Ikklisiya ta keɓe domin tunawa da matattu: ran 1 ga wata Bikin Dukan Tsarkaka, ran 2 kuma addu'a domin dukan masu bi da suka riga mu. Kowane gida yakan rubuta sunayen mamatansa a takarda, a kawo gaban bagade.

A wata ƙaramar majami'ar ƙauye, bayan Misa, wata dattijuwa ta tsaya sai da kowa ya watse, sa'an nan ta ce mana: "Fada, ubana ya mutu yana yi wa Uwar Gona yanka, bai taɓa shiga ajin baftisma ba. Ƙanena kuma ya musulunta, a Zariya ya rasu. In sa a rubuta sunayensu, ko in bari? In kuwa suna wuta, ni in na shiga sama, da wane baki zan yi dariya?"

Tambayar ba tata ba ce ita kaɗai. Yawancin Kiristocin wannan yanki, iyayensu ko kakanninsu Maguzawa ne masu bin iskoki, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da ɗan'uwa Musulmi. Ba kuma a kanmu aka fara ba. Waliyi Faransis Zabiya, wanda ya yi wa'azi a ƙasar Japan daga 1549 zuwa 1551, ya ba da labari cikin wasiƙarsa ta Janairu 1552 cewa sababbin masu bi na garin Yamaguchi sun yi ta kuka saboda kakanninsu, suna tambaya ko addu'a ko sadaka za ta iya fid da su daga wuta. Ya ce musu wanda yake can ba shi da mafita, shi kansa kuwa da ƙyar ya riƙe hawayensa. Manzo Bulus ma ya shaida cewa yana da baƙin ciki marar yankewa saboda danginsa Yahudawa, har ya so a raba shi da Almasihu in hakan zai amfane su (Romawa 9:1-3). Saboda haka wanda wannan abu ya hana shi barci, kada a ce masa bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Ƙauna ce take magana.

Kafin mu amsa, sai mu duba kalmar nan "idan". Wa ya faɗa mana suna wuta? Ikklisiya tana koyar da cewa Gidan Wuta gaskiya ne, kuma madawwami ne. Ba za mu ɓoye wannan don mu faranta wa kowa rai ba. Amma Katekizim na Ikklisiya Katolika, wanda ya fito a 1992, ya bayyana a lamba 1033 zuwa 1037 cewa Allah bai ƙaddara wa kowa wuta ba. Mai shiga can shi ne wanda ya juya wa Allah baya da gangan, cikin zunubi mai kisa, ya kuma nace a kai har numfashinsa na ƙarshe. Ikklisiya ta ambaci sunayen dubban tsarkaka da ta tabbata suna sama, amma ba ta taɓa yanke hukunci da ikonta cewa wane yana wuta ba.

Game da waɗanda ba a yi musu baftisma ba, Majalisar Batikan ta Biyu ta yi magana a fili a 1964, cikin takardar Lumen Gentium, sashe na 16. Ta ambaci Musulmi, masu yi wa Allah ɗaya mai jinƙai sujada tare da mu. Ta kuma ce wanda bai san Bisharar Almasihu ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi abin da lamirinsa ya nuna masa da taimakon alheri, yana iya samun ceto. Tun kafin wannan majalisa, wani Fada a birnin Boston na Amurka, Leonard Feeney, ya dage cewa duk wanda bai shiga Ikklisiya a bayyane ba ya hallaka. Roma ta tsawata masa a 1949, aka kuma fitar da shi daga zumunta a 1953 saboda rashin biyayya. Muna faɗin wannan domin har yanzu mukan ji wasu masu wa'azi a gidan makoki suna raba wa mutane wuta da aljanna kamar masu rabon taki. Wannan ba aikinmu ba ne. Tsohon da ya ciyar da marayu, ya riƙe amana, ya ƙi shaidar zur, bai kuwa taɓa jin Bishara yadda za ta shiga zuciyarsa ba, Allah ne ya san abin da ya wuce tsakaninsu a sa'ar mutuwa. In ya tsira, ta wurin jinin Yesu ne ya tsira, ko da bai san sunan ba.

Duk da haka tambayar tana nan. A ce wani namu ya ƙi Allah har ƙarshe, yaya murnarmu za ta cika? Wasu sun ce Allah zai shafe tunaninmu, mu manta da su. Wannan amsa ba ta gamsar da mu ba. A misalin mai arziki da Li'azaru (Luka 16:19-31), Ibrahim ya san mutumin da ke cikin azaba, har ya kira shi ɗansa. Macen da ta manta da ɗan da ta haifa, ai ba ita ce aka ceta ba, wata ce dabam. Wasu kuma, kamar Tertuliyan na Kartaj a Afirka ta Arewa, sun yi rubutu kamar masu ɗokin kallon azabar waɗanda suka tsananta wa Kirista. Zafin tsanani ne ya sa shi, amma ba koyarwar Ikklisiya ba ce. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya gyara maganar: tsarkaka ba sa murna da azabar kowa don ita kanta, sai dai da adalcin Allah da kuma ceton da suka samu. Ra'ayin babban malami ne, muna girmama shi, amma mun san bai isa ya share hawayen uwa ba.

Abin da muka fi dogara a kai shi ne wannan. Ƙaunar da muke yi wa iyayenmu, Allah ne ya zuba ta a zuciyarmu, kuma ɗigo ce daga cikin tasa. Shi ya halicce su, shi ya ba da Ɗansa dominsu, shi ne yake so kowa ya tsira (1 Timoti 2:4). Ba za mu fi shi tausayi ba. A nan duniya muna ganin ɗan guntun rayuwar mutum, shi ya sa muke tsoron kada a zalunce shi, ko a ƙi ba shi zarafi. A sama za mu ga Allah ido da ido, mu ga kowace ƙofa da ya buɗe wa kowane mutum da yadda ya bi shi har ƙarshe. Ba za a sami wanda zai ce an yi wa nasa rashin adalci ba. Littafin Wahayi (21:4) ya yi alkawari cewa Allah da kansa ne zai share hawaye. Ashe akwai hawayen da za a iso da su, kuma hannunsa ne zai ɗauke su. Yadda zai yi wannan ba tare da ya rage ƙaunarmu ba, asiri ne da ba a buɗe mana ba tukuna. Amma wanda ya zaɓi duhu ba a ba shi ikon kashe fitilar dukan gidan Uba ba.

Ga dattijuwar nan kuwa, mun ba ta labarin Waliyiya Farfetuwa, wadda aka kashe saboda bangaskiya a Kartaj a shekara ta 203. Tana kurkuku ta ga ƙanenta Dinokaratus, wanda ya mutu yana da shekara 7, cikin ƙishi, ya kasa kaiwa ga ruwa. Ta yi ta addu'a dare da rana, har ta sake ganinsa yana sha, yana wasa. Katekizim ya ce a lamba 1058 Ikklisiya tana addu'a kada kowa ya ɓata. In uwa Ikklisiya tana roƙo domin kowa, ɗiya ba za ta roƙa domin ubanta ba?

Muka ce mata, "Iya, a rubuta su duka biyu." Katikis ya ɗauko biro, ta faɗi sunan ubanta da na ƙanenta, ta ƙara da na kishiyar uwarta wadda ta goye ta. Muna roƙon katikis da shugabannin Zumuntar Mata a dukan majami'unmu su sanar da jama'a cewa za a karɓi irin waɗannan sunaye har ƙarshen wata, kuma kada a mayar da takardar kowa don ba shi da abin sawa a ciki.