Baba Zai Sake Zuwa Landan, Ina Zan Kai Shi?

Zuwa ga Gwaggo: Na kammala digiri na biyu a Landan, kuma Baba zai zo bikin yaye mu a watan Disamba, zai yi mako biyu. Bara da ya rako ni na kai shi fadar Buckingham da Big Ben da London Eye da kantunan titin Oxford. Kuɗina suka ƙare, ƙafafunsa suka kumbura, da muka dawo masauki sai kawai ya ce, "To, mun gani." Na san bai ji daɗi ba. Tsohon malamin makaranta ne, ya haura saba'in, ba ya rabuwa da rediyo, yana son tarihi da karatun addini. Ina zan kai shi wanda ba inda kowa ke zuwa ba?

Ɗiyarki a Landan

'Yata, Allah ya sanya albarka a karatun, ya saka miki da alheri da kika lura da abin da Baba bai faɗa ba. Dattijo ba zai ce wa 'yarsa ta wahalar da shi ba. Bara kin bi jerin wuraren da aka tsara domin kowane baƙo daga ko'ina. Bana ki fara da shi kansa, ai kin riga kin gaya mini abin da yake so: koyarwa, rediyo, tarihi, addini. Landan na da rabonsa a kowanne.

Abin da zai ba ki mamaki, bara kun wuce ta kusa da wurin da ya fi shafarsa. Tafiyar 'yan mintuna daga fadar Buckingham, a gefen Green Park, akwai wani gida mai suna Lancaster House. A cikinsa aka yi tarukan tsarin mulkin Najeriya a 1957 da 1958, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Awolowo da Azikiwe suka zauna da Turawan mulki, kuma a zaman 1958 aka tsayar da 1 ga Oktoba 1960 a matsayin ranar 'yancin kai. Gidan gwamnati ne, ba a shiga haka nan, daga waje za ku tsaya. Kada wannan ya dame ki. Ki kai shi, ki gaya masa sunan gidan, ki yi shiru. Mutumin da ya yi shekaru yana karantar da yara wannan labari a allo, shi zai ba ki sauran.

Daga nan bas ɗaya ko biyu za su kai ku Aldwych, inda Bush House yake. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma shekara da shekaru daga wannan gini muryoyin da Baba ya saba ji da asuba suke fitowa, har zuwa 2012 da aka tashi. Yanzu jami'ar King's College ke amfani da shi. Idan da sauran ƙarfi ku ƙarasa unguwar Bloomsbury. A nan, a cibiyar horar da malamai ta Jami'ar Landan, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a 1945 zuwa 1946 yana malamin makaranta kamar Babanki, Malam Aminu Kano ya biyo baya. A unguwar kuma makarantar SOAS take, inda Bargery mai babban ƙamus ɗin Hausa na 1934 ya koyar. Wannan ya isa yini guda, kada ki ƙara komai a kai.

Wata ranar ki ware ta don abin da ya shafi addini. Ni da zan zaɓa miki wuri ɗaya tak, Leighton House zan ce, a gefen Holland Park. Gidan wani mai zane ne, Frederic Leighton, wanda ya yi yawo a ƙasashen Larabawa ya dawo da fale-falen bango, akasarinsu daga Dimashƙa, ya gina zaure domin su daga 1877. Akwai ƙubba, da ɗan tafkin ruwa mai ɓulɓulowa a tsakiya, da rubutun Larabci a jikin bango har da ayoyi. Yawancin masu shiga kyan launi suke kallo. Baba karantawa zai yi, kuma ina ganin zai daɗe a tsaye. Ana biyan kuɗin shiga, ki kuma duba ranakun da suke buɗewa kafin ku fita. Ba nisa daga nan akwai gidan tarihi na V&A, shiga kyauta. Babba ne ƙwarai, saboda haka ku nufi zauren fasahar Musulunci kai tsaye. A tsakiyarsa aka shimfiɗa dardumar Ardabil da aka saƙa a Iran a shekara ta 946 bayan Hijira, tsawonta ya haura mita goma. Don kada haske ya cinye launinta, minti goma kawai ake kunna mata fitila a kowane rabin awa. Akwai wurin zama, ku zauna ku jira.

Babban ɗakin karatu na Birtaniya, kusa da tashar King's Cross, yana da zauren da ake nuna tsofaffin littattafai kyauta. A cikin ajiyarsu akwai Alƙur'anin Sarki Baibars da aka rubuta da ruwan zinariya a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, mujalladi bakwai. Sukan sauya abin da suke nunawa, amma sashen littattafan addini ba ya rasa rubutun hannu na Musulunci.

Ranar Juma'a kada ki tsaya ga masallacin unguwarku. Juma'a ɗaya ku je babban masallacin Regent's Park, wanda aka gama a 1977, in an idar ku ɗan taka bakin magudanar ruwan da ke kusa, hanya ce shimfiɗaɗɗiya ba hawa. Ɗayar kuma ku je masallacin Brick Lane a gabashin birnin. Faransawa 'yan gudun hijira suka gina shi coci a 1743, ya zama wurin ibadar Yahudawa a 1898, ya zama masallaci a 1976 da mutanen Bangladesh suka cika unguwar. Malamin tarihi zai so wannan.

Sai ki kula da sanyi da gajeren yini. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, don haka ku fita da hantsi, ki san inda zai yi alwala da salla tun kafin ku bar gida. Ki fi amfani da bas a kan jirgin ƙarƙashin ƙasa: ba matakala, yana ganin gari, kuma in kun sauya bas cikin awa ɗaya ba a sake cirar kuɗi. Ba sa karɓar tsaba, sai kati. Bayan kowace fita biyu ki bar shi ya huta yini guda. In ya yi marmarin gida, titin Rye Lane a Peckham na cike da shagunan 'yan Najeriya, za ki sami kuɓewa da doya da manja ki yi masa tuwo da hannunki.

*

Gwaggo, barka da aiki. Aiki ya kawo ni Landan da iyalina, yara uku, babban shekararsa tara. Kuɗin shiga wuraren wasa ya fi ƙarfina, yaran kuma sun gaji da zaman ɗaki.

Mahaifin yara uku

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Asabar mai zuwa ku hau jirgin DLR, wanda ba shi da direba a gaba, ka sa yaran a kujerar farko. Yaran da ba su kai sha ɗaya ba ba sa biya in suna tare da babba. Ku sauka a Mudchute, akwai gona a tsakiyar birni da tumaki da awaki da dawaki, shiga kyauta. Akwai aladu a wani ɓangare, ka sani tun da wuri. Daga nan ku gangara Island Gardens ku shiga ramin da ke ƙarƙashin kogin Thames, wanda aka buɗe a 1902, tafiyar mita 370 a ƙafa, ku ɓullo a Greenwich. Gidan tarihin jiragen ruwa da ke can kyauta ne, haka filin shaƙatawar da ke bayansa, wanda daga kan tudunsa ake hango birnin. Wani makon ku je gidan tarihi na Horniman a Forest Hill, mai lambu da zauren kayan kiɗa daga sassan duniya. Ka ce wa maiɗakinka ta ɗauro abinci daga gida da shayi a fulas, domin abincin waje shi ke cinye kuɗin irin wannan fita.