Taimakon Waɗanda Aka Kuɓutar Daga Fataucin Mutane: Darasi Ga Jama'ar Ƙasa

Mai karatu, da yawa daga cikinmu suna tsammanin bauta ta wuce tun zamanin kakanni. Gaskiya ne a Nijeriya ta Arewa an yi dokar da ta kawar da bauta ɗungum a shekarar 1936, kuma sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe kowa a matsayin bawa, ko a sa shi aikin tilas. Amma har yanzu akwai masu sayar da 'yan'uwansu a ɓoye. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar tare da abokan aikinta ta nuna cewa a shekarar 2021 mutum kusan miliyan 50 ne suke cikin bautar zamani: fiye da miliyan 27 cikin aikin tilas, miliyan 22 kuma cikin auren dole. Wannan darasi zai yi bayanin halin da waɗanda aka kuɓutar suke shiga, da yadda kowa zai taimake su ta hanyar da ta dace.

Mene ne fataucin mutane?

Fataucin mutane shi ne a ɗauki mutum, ko a kai shi wani wuri, ko a ajiye shi, ta hanyar yaudara ko tilas ko barazana, don a ci gumin jikinsa. Ba lalle sai an ƙetare iyakar ƙasa ba. Alal misali, wata mata ta je ƙauye ta ce wa iyaye za ta kai 'yarsu birni ta yi karatu. Da isarsu sai ta miƙa yarinyar aikatau, ita ke karɓe kuɗin wata-wata, yarinya kuwa ba makaranta, ba hutu, ba damar komawa gida. Wannan fatauci ne. Haka kuma wanda aka yi wa alkawarin aiki a ƙasar waje, da ya isa aka karɓe fasfonsa, aka ɗora masa bashin da ba zai iya biya ba.

Wasu kuwa ta hamada ake bi da su, daga Kano ko Sakkwato zuwa Agadas, daga nan sai Libiya. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hotunan yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya. Bayan haka Gwamnatin Tarayya da Hukumar Ƙaura ta Duniya suka dawo da dubban 'yan Nijeriya gida.

Abin da hukuma ta yi

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka ƙulla a 2000. A 2003 aka kafa Hukumar Hana Fataucin Mutane ta Ƙasa, watau NAPTIP, a 2015 kuma aka sake dokarta aka ƙara mata ƙarfi. Dokar ta tanadi ɗauri da tara ga masu wannan mugun ciniki, ta kuma haramta ɗaukar yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 12 aikin gida. Hukumar tana da ofisoshi da gidajen ajiye waɗanda aka kuɓutar a garuruwa kamar Abuja, Legas, Binin, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Sarakuna ma sun sa hannu. A watan Maris na 2018 Oban Binin, Ewuare na Biyu, ya warware rantsuwar tsafi da 'yan fatauci suke ɗora wa 'yan mata don su toshe musu baki.

Don me ake bukatar gudummawar jama'a?

Kuɓutar da mutum rabin aiki ne. Zaman da yake yi a gidan hukuma na ɗan lokaci ne, yawanci makonni kaɗan, sa'an nan ya koma cikin jama'a. To, da me zai koma? Sau da yawa ya dawo hannu rabbana, ga ciwo a jiki, ga firgita a zuci. Wataƙila an sayar da gona ko an ci bashi don a biya masa kuɗin tafiya, masu bin bashi kuwa suna nan suna jira. Mace takan dawo da ciki ko goyo, dangi su juya mata baya, maƙwabta su riƙa nuna ta da baki. Idan talaucin da ya kore shi da farko yana nan yadda ya bar shi, to, kuwa ɗan fatauci na biyu ba zai sha wahalar shawo kansa ba. Ta haka ne wasu suke faɗawa tarko sau biyu.

Saboda haka bukatun wanda aka kuɓutar su ne: magani da kulawar likita, mai ba shi shawara da kwantar masa da hankali, wurin kwana, makaranta ga yaro, sana'a da ɗan jari ga babba, da lauya idan za a je kotu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda yake cikin yunwa da tsoro ba ya iya tsayawa ya ba da shaida, idan kuwa babu shaida mai laifi yakan tsira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin gwamnati kaɗai ba zai ishi waɗannan bukatu ba.

Hanyoyin ba da taimako

Na farko, kuɗi. Dokar hana fataucin mutane ta kafa Asusun Amana na Waɗanda Aka Yi Fataucinsu, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe irinsa a 2010. Akwai kuma ƙungiyoyin sa kai, irin su WOTCLEF wadda Hajiya Titi Atiku Abubakar ta kafa a 1999. Kaɗan da ake bayarwa kowane wata ya fi mai yawa na rana ɗaya amfani, domin koyon ɗinki ko kafinta yana ɗaukar watanni. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, kaya: hatsi, tufafi masu kyau, sabulu, littattafai, keken ɗinki, injin markaɗe. Kafin ka kai, tambayi masu kula da gidan abin da suka fi bukata.

Na uku, sana'a da lokaci. Tela ko makaniki ya karɓi ɗan koyo ɗaya. Malamin makaranta ya koyar da karatu, likita da lauya su ba da sa'o'i kaɗan kyauta.

Na huɗu, masallatai da majami'u da ƙungiyoyin gari su sa waɗannan bayin Allah cikin lissafin sadakarsu. Musulmi sun san cewa 'yanta bayi yana cikin wurare takwas da ake ba da zakka. Sai a nemi bayanin malamai kan yadda za a yi.

Hattara kafin ka bayar

Ba duk mai kuka da sunan marayu da waɗanda aka zalunta ne mai gaskiya ba. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. Tabbatar ƙungiyar tana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, ka kuma tambayi ofishin NAPTIP mafi kusa ko sun san aikinta.
2. Kada ka tura kuɗi asusun banki mai sunan mutum ɗaya. Nemi rasit, ka ajiye shi.
3. Tambayi yadda aka kashe kuɗin bara. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.
4. Guji masu baza hotuna da sunayen waɗanda aka kuɓutar a intanet don neman tausayi. Tona asirinsu yana jefa su cikin kunya da hatsari.
5. Kada ka ɗauki yaron da aka kuɓutar zuwa gidanka da sunan taimako ba tare da sanin hukuma ba.

Akwai kuma sadakar da ba ta cin ko kwabo, watau kame baki. Wanda ya dawo ɗan'uwanmu ne da aka cuta. A gaishe shi, a saye kayansa a kasuwa, a bar 'ya'yansa su yi wasa da namu. Ranar 30 ga Yuli ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Fataucin Mutane ta Duniya. Ya kamata kowace unguwa da makaranta ta yi amfani da ita wajen tara gudummawa da wayar da kai. Wanda ya ga alamar fatauci kuwa, ya gaggauta sanar da NAPTIP ko 'yan sanda ko mai unguwa.

Tambayoyi

1. Kawo misalai biyu na fataucin mutane da ake yi a cikin ƙasa.
2. Me ya sa wanda aka kuɓutar yakan sāke faɗawa hannun 'yan fatauci?
3. Waɗanne abubuwa za ka bincika kafin ka ba wata ƙungiya kuɗinka?
4. Wane taimako za ka iya yi a unguwarku cikin wannan wata?