Darasin da mutuwar Duna ta koya mana

Darasinmu na yau a kan ciwon haukan kare ne. Za mu fara da labarin karen gidanmu, a ƙasar Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa.

Sunansa Duna, domin baƙi ne wuluk. Shekara 7 ya yi tare da mu. Da dare shi ke gadin rumbu da turken awaki. Da damina yakan bi yara zuwa gonar gero, ya kwanta a gindin aduwa har su tashi. Tun da muka same shi, dila bai ɗaukar mana kaza ko ɗaya ba. Addininmu ya yarda a ajiye kare don gadin gona da dabbobi, kuma ya hore mu da tausaya masa.

Wata rana bayan girbi, wani baƙon kare ya shigo gari, ya ciji Duna a wuya. Muka ce ai faɗan karnuka ne. Rauni ya warke, muka manta. Bayan kamar wata ɗaya sai Duna ya sake hali. Ya bar cin abinci, miyau na zuba daga bakinsa, yana cizon itace. A rana ta uku ya ciji autanmu a hannu, yaron da ya fi shaƙuwa da shi. Wani maƙwabci ya sa muka wanke wurin da sabulu, muka kai yaron gidan likita a ranar. An yi masa allurai, Allah ya tsare shi. Duna kuwa mun rufe shi cikin kango, bayan kwana 2 ya mutu.

Har yau turkensa yana nan bakin rumbu. Laifin namu ne: ba mu taɓa kai shi an yi masa allurar riga-kafi ba.

Mene ne ciwon haukan kare?

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya gani. Tana cikin miyan dabbar da ta kamu. Tana shiga jiki ta wurin cizo, ko yagi, ko lasar gyambo. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 ko 3 kafin ta bayyana ga mutum. Idan ta bayyana, mutum yakan yi zazzaɓi, ya ruɗe, ya riƙa tsoron ruwa. A lokacin nan magani ya ƙare, sai mutuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Amma akwai riga-kafi. A shekarar 1885 wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 wannan allura, yaron ya rayu.

Alamun ciwon ga kare

1. Kare mai sanyin hali ya koma mai faɗa, ko mai faɗa ya yi laƙwas.
2. Miyau ya riƙa dalala, baki a buɗe.
3. Ya riƙa cizon duk abin da ya tarar.
4. Muryar haushinsa ta sake.
5. Ƙafafun baya su mutu.

Idan kare ya ciji mutum

1. Mu wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, har minti 15.
2. Kada mu sa toka, ko barkono, ko gashin karen. Ba su kashe ƙwayar cutar.
3. Mu tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Idan babu allurar a kusa, mu nufi Maraɗi.
4. Mu karɓi allurai duka, a ranakun da likita ya faɗa.
5. Mu sanar da ma'aikatan kiwo. Su za su duba karen.

Yadda za mu tsare karenmu

Mu kai shi a yi masa allurar riga-kafi tun yana ɗan wata 3, mu sake a lokacin da likitan dabbobi ya ce. Mu ba shi abinci da ruwa a gida, don kada ya yi yawo. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a gari, ciwon yakan daina yaɗuwa. Awaki da shanu da jakuna su ma suna kamuwa. Dabbar da ciwon ya kashe, kada a feɗe ta, kada a ci namanta. A binne ta cikin rami mai zurfi, kada a taɓa ta da hannu tsirara.

Bana mun sami ɗan kwikwiyo. Kafin yara su raɗa masa suna, mun kai shi an yi masa allura. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya ciwon ke shiga jikin mutum?
2. Minti nawa ake wanke wurin cizo?
3. Karnuka nawa ne a unguwarku? Nawa aka yi wa allura?