KO BANGASKIYA CACA CE?

Ya mai karatu, idan ka tsaya a Bata, inda Fagge da Sabon Gari suka haɗu, za ka ji kiran salla daga gefe guda, ran Lahadi kuwa ka ji waƙar masu sujada daga ɗaya gefen. A irin wannan wuri maganar addini ba ta ƙarewa. Wataƙila ka taɓa jin wani yana cewa, "Ka gaskata da Allah. Idan yana nan ka ci riba, idan ba ya nan ba ka yi hasarar kome ba." Ya kamata sabon mai bi ya san asalin wannan magana, da amfaninta, da iyakarta.

1. Asalin maganar

Akwai wani masani a ƙasar Faransa, sunansa Blaise Pascal, an haife shi a 1623, ya rasu a 1662. A cikin 1654 shi da abokinsa Fermat suka yi ta aika wa juna wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya tsaya ba a gama ba. Daga nan lissafin yiwuwa ya sami tushe. Ga misali: idan ka jefa ƙwayar ludo biyu, hanyoyin faɗuwarsu 36 ne, amma hanya ɗaya tak ke ba da shida da shida.

Bayan rasuwarsa aka tattara takardunsa, aka buga a 1670. A ciki ya kwatanta bangaskiya da sa kuɗi a wasan da ba dama a ƙi shiga: abin da za ka sa ƙanƙane ne, watau kwanakin duniya, abin da za ka ci kuwa rai ne na har abada. Tun kafin shi, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo magana mai kama da wannan.

2. Amfaninta

Maganar tana farkar da mai sakaci. A watan Maris na 2016 gobara ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya cewa, "Wataƙila wuta ba za ta zo ba." Yakan ajiye wani abu a gefe, gama hasarar tana da girma. Haka nan wanda bai taɓa tunanin lahira ba, daidai ne a tuna masa girman abin da yake wasa da shi.

3. Inda ta kasa

Da fari, muna iya lissafin ƙwayar ludo domin mun ƙirga fuskokinta. Wa ya ƙirga fuskokin wannan al'amari? Allah ba abin jefawa ba ne da za a gwada sau ɗari a ga yadda ya faɗi.

Na biyu, malamin da ke Fagge yana iya faɗa maka wannan magana daidai yadda mai wa'azin Sabon Gari zai faɗa. Lissafin ya ce ka nemi Allah, amma bai nuna maka ta wace hanya ba.

Na uku, ba gaskiya ba ne cewa ba ka hasarar kome. Mai bi yakan rasa yardar iyaye, ko gādo, ko abokan ciniki. Yesu da kansa, cikin Luka sura 14, ya ba da misalin mai ginin soro wanda ke fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci. Wanda ya shiga domin an ce masa hanya ce marar tsada, ranar tsanani zai koma.

Na huɗu, Allah yana ganin zuciya. Da ɗanka zai ce maka, "Baba, ina maka biyayya domin na auna na ga da riba," da ka yi murna?

4. Abin da ya fi

Pascal kansa ba lissafi ya juyo da shi ba. Daren 23 ga Nuwamba 1654 ya sadu da Allah cikin addu'a, ya rubuta abin a takarda, ya ɗinke ta cikin rigarsa, ba a gan ta ba sai bayan ya rasu.

Dubi mai shago a Kantin Kwari sa'anda yake ba mutum kaya bashi. Ba ƙwaya yake jefawa ba. Ya san mutumin, ya ji shaidar waɗansu a kansa, ya gwada shi da kaɗan ya iske shi mai amana. Bangaskiya haka take: dogara ce ga Wanda ka sani. Domin wannan, ɗan'uwana, ka karanta Linjila kowace rana, ka yi addu'a, ka zauna tare da masu bi, ka aikata abin da ka riga ka gane. Idan gardama ta tashi, ka amsa wa maƙwabcinka da ladabi, kada ka mai da sunan Allah abin cin wasa.

Tambayoyi

1. Wane amfani ke cikin maganar Pascal?
2. Don me ba ta isa ta nuna maka hanya ba?
3. Me bin Yesu ya ci maka, me kuma ya sa ka tsaya?