Amsa-kama a Bakin Makanikai: Gano Lalacewar Kan Shaf a Funtuwa da Malumfashi

A ganin wannan nazari, garejin mota ya cancanci kulawar masu binciken amsa-kama. Kan shaf shi ne gaɓar da ke isar da ƙarfin inji ga tayar gaba ko da an karya sitiyari. Hilux mai jigilar masara a hanyoyin ƙauye takan yage robarsa da damina. Giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya ci ƙarfe. Makanike kan fara da tambayar direba irin kukan. Idan “ƙas-ƙas-ƙas” ne wajen shan kwana, kan waje ya lalace; idan mota na karkarwa sa’ad da aka taka totur, na ciki ake zargi. Gurnanin “wuuu” mai ƙaruwa da gudu kuwa, galibi boris ne.