Lura da Faɗa-wuta a Farkon Damina

Gabatarwa

A Enugu ruwan farko kan sauka tun cikin Maris ko Afrilu, alhali Kano da Katsina sai Mayu ko Yuni. Saboda haka, kai manomi mazaunin Obiagu mai 'yar gonar masara a bayan gari, kana riga 'yan'uwanka na Arewa ganin ƙwarin shekara. Abin da idonka ya gani yana da amfani gare ka da su.

Na rana da na dare

Malam-buɗe-littafi da ke yawo da rana yawancinsa ba ya ɓarna a gonar hatsi, yana ma taimakawa wajen barbarar furanni. Sai dai mai lambun lemo ya kula da baƙin nan mai ɗigon rawaya, domin tsutsarsa, wadda take kama da kashin tsuntsu tun tana ƙarama, ganyen dashe take ci.

Abin tsoro shi ne faɗa-wuta, mai zuwa gindin fitila da dare, musamman uwar tsutsar masarar nan da ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Afirka a kudu maso yammacin Nijeriya a farkon 2016. Launinta toka-toka ne da ruwan ƙasa, fukafukanta na baya farare masu baƙin baki, faɗinta santimita 3 zuwa 4. Tana iya tafiyar kilomita 100 a dare guda in iska ta taimaka mata.

Ka ajiye kwano mai ruwan sabulu ƙarƙashin fitila kusa da gona, ka riƙa ƙirga abin da ya faɗa kowace safiya, kana rubutawa da kwanan wata. Amma kada ka sayi magani don wannan kaɗai, domin faɗa-wuta da yawa suna kama da juna. Yawansu ishara ce ta ka shiga gona.

Binciken gona

Tun daga fitowar shuka, ka zaga gonar aƙalla sau ɗaya a mako. Ka tsaya wurare 5 dabam-dabam, ka duba tushe 10 a kowane wuri. Nemi curin ƙwai a jikin ganye, 100 zuwa 200 a haɗe, lulluɓe da abu kamar auduga. Murƙushe su nan take, don cikin kwana 2 zuwa 3 suke ƙyanƙyashewa. Leƙa cikin kan masarar: in ka ga kashi kamar garin katako, tsutsar na ciki. Ana gane ta da alamar Y a kife a goshinta, da ɗigo 4 baƙaƙe kusa da wutsiya.

Idan tushe 10 cikin 50 sun kamu alhali masarar na ƙarama, ka nemi malamin gona ya zaɓa maka magani, a yi feshi cikin kan shukar da sassafe ko da yamma. Ka kuma sanar da mutanen gida a Arewa, don su soma zagayen gona da zarar shukarsu ta fito.